Awa Nawa Ka Yi? Takardar da Ke Shaidar Gumin Ma'aikaci

Ni akawu ne, mazaunin Jama'a a Ƙaramar Hukumar Sabon Garin Zariya. Ina riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfani a Samaru da ke tattaro wa masu bincike bayanai daga ƙauyuka, ya shigar musu a kwamfuta, wani lokaci kuma ya rubuta musu 'yan manhajoji. A cikin duk takardun da ke bi ta teburina babu mai haddasa gardama kamar takardar awoyin aiki. Shafi ɗaya ce tak. Tana ɗauke da sunan mutum ɗaya, da ranakun wata ɗaya, da awoyin da ya yi a kan kowane aiki, sai sa hannunsa da na shugabansa a ƙasa. Amma da ita ake biyan albashi, da ita ake cajin wanda ya ba mu aiki, kuma ita mai binciken kuɗi zai fara nema in ya zo bayan shekara biyu ko uku.

Yawancin matasanmu gani suke an ƙirƙiro ta ne don a sa musu ido. Ba na musun cewa akwai iyayen gidan da don haka suke son ta. Sai dai abin da aiki ya nuna mini shi ne, in an cike ta bisa ƙa'ida, ma'aikaci ya fi maigida amfana da ita. Maigida yana da akawu, yana da lauya. Ma'aikaci kuwa ba shi da wata shaida a kan wahalarsa sai wannan shafin.

Daga jinga zuwa agogo

Sayen lokacin mutum ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomin Bomo ko Basawa ya san hanya uku ta samun hannu a gonarsa. Akwai jinga, inda ake tsada a kan aikin kansa: nome mini wannan gonar a kan kaza, ko ka gama da hantsi ko ka kai la'asar, wannan ruwanka ne. Akwai ƙwadago, inda wuni ake saye, daga safe zuwa azahar, a haɗa da abinci. Akwai gayya, wadda ba kuɗi ake bi ba, ramuwa ake yi. A cikin gandu ma akwai lissafin lokaci: 'ya'ya su yi wa maigida aiki zuwa azahar, yamma tasu ce, kowa ya nufi gayaunarsa.

Agogo ya shigo lissafin ne da zuwan Turawa. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma Sabon Garin Zariya ya tashi a gefen tashar jirgin, da leburorinsa da akawunansa. A irin waɗannan wurare tankifa ya samu aiki: ya kira suna da safe, ya sa alama a littafi, ranar biya a ƙirga alamomin. A Amurka tun kafin nan an ɗora wa inji wannan aikin. Wani mai sana'ar agogo da kayan ado, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ke buga lokacin shigar ma'aikaci da fitarsa a takarda, ya yi masa rajista. Kamfanin da ya taso daga wannan sana'a yana cikin waɗanda suka haɗe a 1911, aka raɗa wa haɗakar suna IBM a 1924.

Littafin tankifa da agogon Bundy tambaya ɗaya suke amsawa: ka zo ko ba ka zo ba? Takardar awoyi ta yanzu ta wuce nan. Da ka zo, me ka yi, kuma aljihun wa zai biya? Lauyoyin Amurka ne suka yi fice da wannan salon. Wani lauyan Boston, Reginald Heber Smith, ya sa abokan aikinsa rubuta lokacin da suka kashe a kan kowace shari'a, har aka raba awa gida goma, minti shida-shida. Ofisoshin lauyoyi da yawa a duniya da wannan ma'aunin suke caji har yau.

Abin da aka gano a Hanwa

Mai shakkar amfanin rubuta awoyi ba sai ya je Boston ba. Ya duba tarihin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR, wadda tushenta ya faro a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. A wancan zamanin malaman gona da dama gani suke rashin wayewa ne ke sa manomin Arewa cusa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, maimakon ya ware wa kowanne filinsa. Wani matashin masanin tattalin arzikin noma a cibiyar, David Norman, ya zaɓi ya ƙirga tukuna. Daga 1966 zuwa 1967 ya zaunar da malamai masu ɗaukar bayanai a ƙauyuka uku na lardin Zariya: Hanwa, wadda yau gari ya haɗiye, da Doka, da Ɗan Mahawayi. Sau biyu a mako malami zai zauna da maigida ya tambaye shi wa ya je gona, wace gona, wane aiki aka yi, awa nawa aka ɗauka, ɗan gida ne ko ɗan ƙwadago. Haka aka yi shekara guda cur.

Da aka tara alƙaluman sai ga abin da ido bai gani ba. Abin da ya fi takura wa noman gidajen shi ne ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tashi ko'ina a tare. Haɗa amfani a gona ɗaya ya fi ba manomi riba a kan kowace awa da ya kashe a waɗannan watanni, ya kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu in ruwa ya yi gardama. Ashe manomi lissafi yake yi, ba a dai taɓa rubuta masa lissafin ba ne. A farkon shekarun 1970 Emmy Simmons ta shiga gidajen waɗannan ƙauyuka ta ƙididdige sana'o'in matan kulle, fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli, aikin da da ba ya shiga littafin kowa.

Abin da malaman Norman suka riƙa rubutawa da biro shi ne manhaja ke karɓa yau: wa, yaushe, wane aiki, awa nawa. Dalilinsu na komawa sau biyu a mako ma bai tsufa ba. Mutum yana iya tuna aikin shekaranjiya, amma na mako uku da suka wuce sai dai ya ƙiyasta.

Yadda manhajar take karɓar lokaci

Manhajojin tsara aiki suna da yawa. Microsoft Project ta fito tun 1984. Jira, ta kamfanin Atlassian na Ostireliya, ta zo a 2002, kuma masu rubuta manhaja sun fi son ta. Akwai Asana da Trello da ClickUp. Akwai Redmine da OpenProject, waɗanda kowa zai iya ɗora su a kwamfutar ofis ba tare da ya biya lasisi ba. Akwai kuma irin su Toggl da Clockify da ƙirga lokaci ne kawai sana'arsu, ana jona su da sauran.

Duk tsari ɗaya suke bi. Ana buɗe babban aiki, a ce binciken manoman masara a Giwa. A yanka shi matakai: tsara tambayoyi, horar da malamai, fita ƙauye, tace bayanai, rubuta rahoto. Kowane mataki a sake yanka shi ƙananan ayyuka, kowanne da katinsa a allon kwamfuta, da sunan wanda aka ɗora wa, da ƙiyasin lokacin da zai ci. In mutum ya taɓa aikin sai ya shigar da lokacinsa a jikin katin. Ko dai ya danna agogon manhajar in zai fara, ya tsayar in ya gama, ko kuma ya rubuta da hannunsa cewa yau ya yi awa 2 da rabi. Kowace shigarwa layi ɗaya ce mai ɗauke da suna, da kwanan wata, da katin aikin, da tsawon lokaci, da ɗan bayani, da alamar ko za a caji mai aikin ko kamfani ne zai ɗauka.

Abin lura shi ne, manhaja a jikin aiki take ajiye awoyi, ba a jikin mutum ba. Shugaban aiki abin da yake son sani ke nan: tace bayanai ya cinye awa 90 alhali 60 aka ƙiyasta. Ni kuwa mai biyan albashi mutum nake nema. Kamar littafin bashin mai kanti ne a kasuwar Samaru: kullum yana rubutawa a jere, wane ya karɓi sukari, wance ta karɓi sabulu, in wata ya ƙare sai ya bi shafi-shafi ya tsamo na kowane gida daban. Fitar da takardar mutum ɗaya tsamowar ke nan.

Daga jeri zuwa shafi ɗaya

Da farko ana tace jerin da abu biyu: sunan mutum, da ranar farko da ta ƙarshen wata. Sai a jera ranaku daga sama zuwa ƙasa, ayyuka daga hagu zuwa dama, kowane gurbi ya ɗauki jimlar awoyin wannan rana a wannan aiki. Redmine da Clockify suna fitar da irin wannan rahoto da kansu. A Jira mutane da yawa sai sun ƙara wata manhaja irin su Tempo. Wanda ba shi da kuɗin wannan sai ya sauke jerin duka a fayil ɗin CSV, ya buɗe a Excel ko Google Sheets, ya sa teburin taƙaitawa ya tara masa. In an gina shafin mutum ɗaya da kyau, sauya suna kawai za a riƙa yi a sama, na kowa ya fito.

Daga nan sai a cike abin da manhaja ba ta sani ba: hutun shekara, rashin lafiya, hutun gwamnati. A nan kalandar da ta zo da manhajar ba ta yi mana amfani, domin ba ta san hutun Sallah ba sai an faɗa mata, shi kuwa sai ana dab da ganin wata gwamnati ke ayyana ranakunsa. Ko makon aiki ma ba ɗaya ba ne a garin nan. Tun 1 ga Disamba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta da yawa kwana huɗu a ofis, alhali cibiyoyin Tarayya da ke Samaru suna nan a kan kwana biyar. In aiki ya haɗa mutanen ɓangarorin biyu, dole a saita wa kowa kalandarsa.

Kafin in buga ko ɗaya, akwai gwajin da ba na tsallakewa. Ina tara jimlar takardun kowa, in kwatanta da jimlar da manhaja ta nuna na watan baki ɗaya. In sun saɓa ko da da awa ɗaya ne, to akwai layin da ya faɗi: ko wani ya shigar da lokaci da asusun abokinsa, ko an rufe sunan wanda ya bar aiki awoyinsa suka ɓace daga rahoto. In sun yi daidai, kowa ya karanta tasa ya sa hannu, shugaba ya sa nasa, a kulle watan a cikin manhaja yadda ba mai iya komawa ya gyara, a ajiye kwafi.

Ga yadda awoyin suke zama kuɗi. A ce albashin Malama wance naira 240,000 ne a wata, ta kuma yi awa 160. Kowace awa ta tashi a naira 1,500. Takardarta ta nuna awa 100 a binciken masara, 40 a aikin wata ƙungiyar lafiya, 20 a taro da sauran hidimar ofis. To masu binciken masara za su ɗauki 150,000, ƙungiyar lafiya 60,000, kamfani 30,000. Ita albashinta bai sauya ba. Abin da takardar ta warware shi ne wa zai biya nawa, kuma ba a ɗora wa wani nauyin wani ba.

Inda lissafi ke karkacewa

Kuskuren da na fi gani ƙarami ne a ido. Mutum ya yi awa ɗaya da minti 30, sai ya rubuta 1.30. Excel ba ta san minti yake nufi ba. A wurinta awa ɗaya da rabi 1.5 ne, minti 45 kuma 0.75 ne, minti 15 kuwa 0.25. Mai rubuta 1.30 ya yafe minti 12 bai sani ba, kuma in kullum haka yake yi, a wata ya yafe rabin wuni. Haka nan a Jira, in ka rubuta kwana ɗaya, awa 8 take ɗauka in ba a sauya saitin ba, ko da kai wunin ƙauye kake nufi na fita da asuba a dawo bayan magariba.

Akwai matsalar agogon ƙasa. Nijeriya tana gaban agogon GMT da awa ɗaya, tana gaban Kalifoniya da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara. In asusun mutum yana saite da agogon can, aikin da ya yi bayan sallar asuba ranar 1 ga wata zai faɗa cikin watan da ya wuce, wanda wataƙila an riga an kulle. Akwai agogon da aka manta a kunne: mutum ya danna da la'asar ranar Alhamis, aka ɗauke wuta, ya tafi gida, sai ga shi manhaja ta ba shi awa 17 a kati ɗaya. Akwai kuma cikon lokaci. Wasu ofisoshi suna cike duk guntun lokaci ya zama minti 15. Kiran waya goma na minti uku-uku rabin awa ne a gaskiya, amma da irin wannan cikon sai su zama awa 2 da rabi. Ba laifi a yi ciko, in dai an yi shi a kan jimlar wuni kuma mai aikin ya san da shi.

Babbar cutar dai ita ce bari sai ƙarshen wata. Ana gane irin wannan takarda tun daga nesa: takwas, takwas, takwas, har ranar da kowa ya san mutumin yana Shika wajen jinyar mahaifiyarsa. In na mayar wa yaro da ita, amsar ɗaya ce: "Haba Malam, ai kowa ya ga na yi aikin nan." Ni kuma in ce, "Na gani, Malam, amma wanda zai zo bincike bai gani ba, kuma ba zai tambaye ni ba, takarda zai tambaya." Mai binciken kuɗi yana haɗa takarda da takarda ne. In fom ɗin manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ya nuna an fara hira da manomi a Giwa ƙarfe 10 na safe, takardar awoyi kuma ta ce mutumin yana ofis yana tace bayanai a wannan ranar, to ya samu bakin zare, kuma duk watan zai tuhuma. Abin takaicin, mai cikewa a ƙarshen wata ya fi cutar kansa, domin aikin dare da na Asabar ne ke fara fita daga ransa. Shi ya sa muke roƙon minti biyar kafin a rufe kwamfuta. Masu fita ƙauyen da ba sabis su rubuta a waya, ta aika da kanta in sun shigo gari, ko su rubuta a ɗan littafin aljihu.

Su wa ke neman takardar?

A Samaru mutum ɗaya yakan sa hannu a ayyuka biyu ko uku a lokaci guda, kowanne da mai ba da kuɗinsa. IAR, da NAERLS mai kula da malaman gona, da NAPRI ta binciken dabbobi a Shika, duk suna aiki da abokan hulɗa na waje. Waken nan mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, da aka saki a ƙarshen 2019, haɗin gwiwa ne na IAR da gidauniyar AATF mai hedkwata a Nairobi da hukumar bincike ta CSIRO ta Ostireliya da wasunsu. Duk mai ba da tallafi yana son ya tabbata bai biya lokacin da aka yi wa wani aiki ba. A shirin bincike na Tarayyar Turai, Horizon Europe, ana raba kuɗin ma'aikaci na shekara gida 215 a samu kuɗin wuni, kuma ba a yarda a caji fiye da kwana 215 a shekara a kan mutum ɗaya ba. Ana neman shaidar kwanakin da aka yi, ko daga amintaccen tsarin rubuta lokaci ko takardar wata-wata mai sa hannun ma'aikaci da shugabansa. Dokar tallafin Gwamnatin Amurka ma ta ce albashin da aka ɗora wa tallafi dole ya dogara da rubutun da ke nuna aikin da aka yi a zahiri, ƙiyasin kasafi kaɗai bai isa ba. In takarda ta gaza, kuɗin ake cewa a mayar, ko da an yi aikin an gama.

Sai kuma matasan da ke zaune a ɗakunan haya na Samaru suna yi wa mutanen ƙetare aiki ta intanet. A dandalin Upwork, mai aikin awa yana kunna wata manhaja da ke ɗaukar hoton allonsa sau ɗaya a kowane minti 10, tana kuma ƙirga motsin yatsunsa a kan madannai. Makon aiki yana rufewa ƙarfe 12 na daren Lahadi agogon GMT, wato ƙarfe 1 na dare a nan. Lokacin da aka shigar da hannu ba ya cikin kariyar biya da dandalin ke bayarwa. Ke nan wanda wuta ko sabis ya yanke masa, ya ci gaba da aiki a takarda, ya dogara ne kawai da kirkin mai aikin.

Awoyin da ba su da kati

A nan ne nake ganin aikin akawu ya wuce tara lambobi. Manhajojin nan an gina su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa. A wurinmu akwai awar da aka yi ana jiran a tayar da janareta, da wadda aka yi a hanyar ƙauye da damina, da wadda aka yi a zauren mai unguwa ana gaisuwa kafin a ba da izinin shiga gidaje. Duk aiki ne. In ba a buɗe musu kati ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko ma'aikaci ya yi asararsu, ko ya cusa su cikin wani kati lissafi ya lalace. Mu mun buɗe wa tafiya katinta, jira ma da nasa. Da awoyin jiran wuta suka taru a shafi ɗaya aka ga kuɗinsu, ba a sake doguwar muhawara a kan sayen sola ba.

Batun salla da cin abinci a zauna a yanke tun ranar ɗaukar aiki, a rubuta. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta bar adadin awoyin aiki ga yarjejeniyar ɓangarorin biyu ko ta ƙungiyar ma'aikata, amma ta ce abin da ya haura wannan adadi ƙarin lokaci ne. Ta ce mai aikin awa 6 ko fiye a wuni yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya na hutu a kowane mako. Ta kuma wajabta wa maigida ajiye bayanan albashi na shekara uku. To wa zai iya neman kuɗin ƙarin lokacin da ba a rubuta ba? Da wannan hujjar ce Kotun Tarayyar Turai ta yanke a watan Mayun 2019 cewa dole iyayen gida su samar da hanyar auna awoyin kowane ma'aikaci na kullum, kuma ƙungiyar ƙwadago ce ta Sifaniya ta kai ƙarar. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, sai an raba shi da awoyi ake sanin ƙimarsa. A awa 160 ya kusa naira 440 kowace awa. Wanda ake sa shi awa 240 a kan kuɗin nan, awarsa ba ta kai naira 300 ba.

Sa ido kuma yana da iyaka. Takardar awoyi ba ta auna kyawun aiki. Gwani yana gama a awa 2 abin da sabon shiga zai wuni a kai, kuma shugaban da ya mayar da yawan awoyi ma'aunin ƙwazo zai tara masu zaman kujera ne. Hoton allo da bin sawun waya bayanan mutum ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe su. Ma'aikaci yana da haƙƙin a gaya masa abin da ake ɗauka, da dalili, da wanda zai gani. Takardar wani ma ba ta allon sanarwa ba ce. Tsakaninsa ne da shugabansa da ofishin kuɗi.

Shawarata ga duk mai sa hannu a irin wannan takarda ita ce ya riƙa karɓar kwafinsa duk wata. Ranar da ya bar aiki za a rufe asusunsa a manhajar, kuma ba zai sake ganin layi ɗaya ba. Kwafin nan ne zai nuna in albashi ya maƙale, kuma shi ne zai koya masa farashin kansa. Wanda ya san tace fom 500 yana cin awa 30 ba za a yi masa wayo a jinga ba, domin yana da abin da zai ninka kafin ya buɗe baki. Wannan ba sai da kwamfuta ba. Telan Sabon Gari da ya rubuta a littafi awoyin da babbar riga mai aiki ke ci, zai san ɗinki nawa zai karɓa kafin Sallah, da nawa zai caja, da kuma wanda zai ba haƙuri tun azumi bai yi nisa ba.